Lauyanmu ya ƙi shigar da takardar da muka ba shi: mu yake wa aiki ko alƙali?

Sani Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar kotu ya warware mini wannan. Muna da shari'ar gida a Babbar Kotu da ke Adum, a Kumasi ta ƙasar Gana. Gidan kakanmu ne a Aboabo, wani ya fito yana cewa tsoho ya sayar masa kafin ya rasu. Takardar filin ta asali ta ɓace, sai kawu ya sa aka rubuta sabuwa aka sa mata tsohon kwanan wata. Abin da ke ciki gaskiya ne, duk unguwa an san kakanmu ne ya gina. Da lauya ya ji yadda aka yi ta, sai ya miƙo mana ita ya ce ba zai kai ta gaban alƙali ba. Ranar zama kuma da bakinsa ya ambaci wani hukuncin Kotun Ƙoli da ba ya goyon bayanmu, alhali lauyan ɗaya ɓangaren bai ko tuna da shi ba. Kawu ya rantse an saye lauyan. Raina ya ɓaci matuƙa, domin karo-karo muka yi muka biya shi. Mu sauya shi ne?

Lauya Zainab, Nima:
Wa alaikumussalam ƙanena. Kada ku sauya shi, ku riƙe shi hannu bibbiyu. Ranar da aka rantsar da lauya ya zama ma'aikacin kotu, wannan nauyin kuwa yana gaba da kuɗin da kuka ba shi. Dokar aikin lauyoyi ta 1960 ce ta kafa hukumar da ke kula da mu, wato General Legal Council, kuma ƙa'idojin ɗa'ar aiki na 2020 sun hana lauya yaudarar kotu da shaidar da ya san ƙirƙira ce. In ya yi, kwamitin ladabtarwa na iya dakatar da shi ko a soke sunansa gaba ɗaya. Kawunku ma da ya shiga uku, don ƙirƙirar takarda laifi ne a dokar laifuffuka ta 1960. Gaskiyar abin da aka rubuta ba ta wanke kwanan watan ƙarya. Da zarar an gano a wajen tambayoyi, alƙali ba zai ƙara yarda da sauran maganarku ba, har wadda take gaskiya.

Batun hukuncin Kotun Ƙoli kuwa, wajibi ne ya faɗa. Alƙali a kan lauyoyi yake dogara wajen sanin abin da aka riga aka yanke. Gwanin lauya shi ne wanda zai kawo hukuncin da kansa, sannan ya nuna inda shari'arku ta bambanta da waccan.

Baba Iddi, Asawase:
Lauya, maganarki dutse, amma a faɗi duka. Ina waɗanda ke neman a ɗage zama ba gaira ba dalili? Na ga dattijuwa ta tashi daga Zango da asuba, ta wuni a kan benci da takardunta a leda, sai a ce lauya ba shi da lafiya, a dawo wata mai zuwa. Wannan ba cin amanar kotu ba ne?

Lauya Zainab, Nima:
Shi ne, Baba. Jan shari'a da gangan ya saɓa wa ƙa'ida, kuma wanda aka cuta yana iya rubuta koke zuwa kwamitin ladabtarwa a Akara.

Malam Hudu:
Sani, ka tuna wa kawunka hadisin Ummu Salama, inda Annabi (SAW) ya ce wani kan fi wani iya kawo hujja, kuma shi yana hukunci ne da abin da ya ji, don haka wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa yanki ne na wuta aka yanka masa. Gidan naku ne, to ku nema ta halal.

Sani Aboabo:
Na gode. Lauya, in ba takarda, da me za mu tsaya?

Lauya Zainab, Nima:
Ku binciko rasit na harajin gida da takardun wuta da na ruwa masu sunan kakanku, ku nemi bincike a Hukumar Filaye, sannan ku kawo tsofaffin maƙwabta da suka ga ana ginin. Ku kai wa lauyanku su kafin zama na gaba, kawu ya je tare da kai.