Matan da ke aikin tikiti da jirgin yawo: ta wace ƙofa kuka hau kujerar manaja?

Mai tambaya, Kano

Assalamu alaikum, yayyena da iyayena na wannan sana'a. Ina aikin tikiti a wani kamfanin jirgin yawo a nan Kano. Amadeus, manhajar da muke kama kujera da yankan tikiti da ita, a kaina take. In kwastoma ya ce Jidda ranar 15 ga Maris, kafin ya rufe baki na buga AN15MARKANJED, kujeru sun fito. Canjin rana, mayar da kuɗi, tikitin ayari, duk wanda ya cije a ofis teburina ake kawo shi. Amma da aka tashi naɗa manaja sai aka ɗauko wani daga waje, kuma ni nake nuna masa inda ake duba ƙa'idar farashi. Da na yi wa Alhaji mai kamfanin magana cikin ladabi, cewa ya yi kwastomomi sun saba da ni, ba ya so ya ɗauke ni daga gaba.

Ku da kuka tsallake teburin gaba kuka riƙe sashe ko kamfani, don Allah ta ina kuka bi? Ina son addu'arku, amma labarin nake nema.

Shugabar sashen ayyuka, Abuja

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da Alhajinku ya faɗa ni ma an faɗa mini, kuma ba ƙarya ya yi ba. Duk wadda ta iya lallashin mutumin da jirgi ya tashi ya bari, ba mai kamfanin da zai so ya matsar da ita. Sai dai a teburin gaba ake yabon mutum, shawara kuwa a ɗakin ciki ake yanke ta.

Ni ta wajen ADM na samu ƙofa. Ga waɗanda ba su kai can ba tukuna, takardar tara ce da kamfanin jirgi ke turo wa ejan ta BSP, wato tsarin da ejan ke biyan kamfanonin jirage kuɗin tikitin da ya sayar, idan ya ga an karya masa ƙa'ida: an yi ta kama kujera ana saki ana sake kamawa don a ja wa'adin biya, ko an yanki tikiti a farashin da bai dace ba, ko an manta wani haraji. A ofishinmu na lokacin ba mai son taɓa su. Akanta bai san ƙa'idar farashi ba, mu 'yan tikiti kuma ba ma ganin lissafi, sai dai a biya, a zaftare daga albashin wanda ya yanki tikitin. Na roƙa aka ba ni damar shiga BSPlink, shafin intanet ɗin da takardun ke shigowa. Kullum bayan la'asar, in ofis ya lafa, sai in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in bi tarihin bukin ɗin in ga wa ya yi me, da ƙarfe nawa. Ashe da yawa ana iya ƙalubalantarsu, in dai an yi cikin kusan mako biyun da ake bayarwa, da hujja a rubuce. Wasu aka janye su. Na riƙa rubuta abin da aka ceto a takarda guda, ƙarshen wata in ajiye wa mai kamfani a teburinsa, ba jawabi ba komai.

Sai ga rikicin dala na 2022 da 2023. Kuɗin kamfanonin jiragen waje da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, suka rufe mana kujeru masu sauƙi, Emirates ma ta daina zuwa, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Tambayar da ake yi a kowane ofis a lokacin ita ce nawa muke bi, nawa ake binmu, kuma za mu iya biyan BSP a ranar da aka sa? Domin in ka saɓa ranar nan ana iya rufe maka yankan tikiti. Ni ce mai amsar a hannu. Daga nan aka fara kirana taron da a da ban ma san ana yin sa ba.

Ki duba ofishinku, akwai aikin da ya shafi kuɗi wanda kowa ke gudu. Ki nemi a ba ki shi.

Mai kula da tsara manhaja, Legas

Anti ta Abuja ta bi ta lissafi, ni ta manhaja na bi. 'Yar Zariya ce ni, kuma ban karanta kwamfuta ba. Wani kamfanin da ke sayar da tikiti ta intanet ne ya ɗauke ni amsa koken kwastomomi. A nan na lura koke iri ɗaya ne ke ta dawowa. Mutum ya zaɓi jirgi, ya tura kuɗi ta banki, alat ya yi jinkiri, wa'adin kujerar ya cika ta faɗi, da safe farashi ya hau. To wa zai biya cikon? Na biyu kuma suna: a fasfo Muhammad, a tikiti Mohammed, ko an juya sunan mahaifi ya koma gaba. Injiniyoyinmu ƙwararru ne, amma ba wanda ya taɓa tsayawa a kanta a filin jirgi yana roƙo a bar fasinja ya wuce. Na zauna na zana musu a takarda, daga danna maɓalli har fitar tikiti, na sa jan biro a duk inda kuɗi ke zuba. Wannan takardar ce ta zama aikina. Yanzu ni nake cewa ga abin da za a fara ginawa, ga wanda zai jira.

Wani abu da zan faɗa miki, 'yar'uwa, ko da ba zai yi daɗi ba: saurin buga AN da FXP da TTP, wato umarnin neman kujera da fitar da farashi da yankan tikiti a Amadeus, ba zai riƙe ki har abada ba. Tun 2012 IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta fito da tsarin NDC, wanda ke ba kamfanin jirgi damar sayar da kujera da kaya da abinci kai tsaye, kuma tun 2015 Lufthansa ta fara ɗora yuro 16 kan tikitin da aka yanka ta irin su Amadeus da Sabre. Can aka dosa. Abin da na'ura ba ta ƙwace miki ba tukuna shi ne sanin dalilin da ya sa tikiti ke lalacewa.

In kin duba manyan ma, ba duka ne suka fito daga ɗakin injiniyoyi ba. Jane Sun akanta ce, a matsayin shugabar kuɗi ta shiga Ctrip, kamfanin sayar da tikiti ta intanet da ke Shanghai, a 2005, a 2016 ta zama shugabar kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com. Gillian Tans daga aikin otal ta shiga Booking.com a 2002, lokacin yana ɗan ƙarami a Amsterdam, ta shugabance shi daga 2016 zuwa 2019. Ariane Gorin daga Microsoft ta koma Expedia a 2013, a 2024 aka ba ta shugabanci. Ki lura, kowaccensu ta haura shekara 10 a cikin gida kafin kujerar ta zo.

Wahalata ta farko a shugabanci taro ne. Mu an tarbiyyantar da mu ba a katse babba, ba a katse namiji. A Legas kuwa in kina jiran a yi shiru ki yi magana, sai a tashi ba ki ce uffan ba. Dabarata, ina tura abin da nake so a rubuce tun daren jiya, da lamba ɗaya, biyu, uku. Da safe a kan takardata ake gardama, dole a juyo a tambaye ni.

Mai kamfanin Umara, Kaduna

'Ya'yana, na karanta duka, Allah ya yi albarka. Amma ni ban yarda da zaman jiran shekara goma ba. A Shanghai ko Amsterdam akwai matakala, in kin yi aiki a ɗaga ki. Kamfanoninmu na nan yawanci na iyali ne. Kujerar manaja ta ɗan Alhaji ce ko ƙaninsa ko surukinsa, ko da kin haddace BSP ɗin gaba da baya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ni a 2017 idona ya buɗe, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida aka karkato jirage nan Kaduna. Yawancin jiragen waje suka ƙi zuwa, Ethiopian ce ta zo. Fasinjoji suka rikice, wa zai ɗauko su, ina za su kwana, ta jirgin ƙasa za a bi ko ta mota. Lambata ce ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ba ta ofis ba. Na ce ashe mutanen nan ni suke bi. Na ajiye aiki, na fara da ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya, ina yankan tikiti a ƙarƙashin wani mai rajistar IATA, don ba ni da garantin bankin da ake nema. Daga baya na yi tawa, na nemi lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa.

Ba zan ɓoye muku ba, 2020 ta kusa kai ni ƙasa. An dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu, Hajjin shekarar da na 2021 ba wanda ya je daga waje, ga kuɗin mutane na riga na zuba a otal a Makka. Na sayar da gwala-gwalaina na mayar wa kowa haƙƙinsa. Waɗannan mutanen su ne har yau ke kawo mini iyayensu mata su ce, Hajiya ga amana.

Inda na fi shan wuya ciniki ne da masu masauki. Zama ne na maza, bayan isha, da shayi. Da farko ƙanina nake turawa, sai ya dawo da otal mai nisa da Harami, tsofaffina su kasa tafiyar. Sai na fara zuwa da kaina, shi yana gefe, in ce a nuna mini ɗakin da lif ɗin kafin a yi maganar riyal. Yanzu da abubuwa suka koma Nusuk, manhajar Saudiyya ta Hajji da Umara, biza da masauki duk ta na'ura, zaman shayin ya rage ƙarfi. Wannan canjin mu mata ya fi yi wa rana.

Shugabar biro (ofishi), Maraɗi

Sannunku da aiki, 'yan'uwa na Najeriya. Mu a nan COHO, hukumar alhazan Nijar, ke tsara Hajji, amma ciwon iri ɗaya ne. Ni abin da ya ɗaga ni watan Agustan 2023 ne, da aka rufe sararin samaniyar Nijar kusan wata guda, ga iyaka da Najeriya a rufe. Muna da mutane a waje, 'yan kasuwa da marasa lafiya da suka je magani. Patron, mai kamfaninmu, yana Yamai, wayarsa ba ta hutawa, sai ya ce in yi abin da na ga ya dace. Na buɗe littafi, kowane fasinja da shafinsa: ina yake, kuɗinsa nawa ya rage, wa ke jiransa a gida. Kowace safiya in kira iyalansu ko da ba ni da sabon labari. Da ƙura ta lafa, ba wanda ya yi gardama da aka ba ni biron nan. Amma fa albashin sai da na buɗe baki na tambaya, sau da yawa ma. Muƙami aka ba ni da farko, babu ko dala a kai.

Tsohuwar manaja, Sakkwato

Ba wadda ta taɓo maganar gida. Ni na riƙe kujerar, na kuma sauka da kaina. Goman ƙarshe na azumi waya ba ta barci: ƙarfe biyu na dare wani yana Jidda jakarsa ta ɓata, wani ya makara jirgi, ga sahur, ga jariri. Maigida bai hana ni ba, amma ina ganin fuskarsa. Yanzu daga gida nake yi wa kamfanoni biyu lissafin BSP, kuma hankalina kwance. Duk wadda za ta karɓi manaja, ta sa sharaɗin wayar ofis ta dare da ake karɓa-karɓa tun kafin ta ce to. In kika fara da lambarki, shi ke nan.

Shugabar sashen ayyuka, Abuja

Hajiya ta Kaduna, Allah ya ƙara girma, maganarku a kan kamfanin iyali haka take. Inda zan ɗan saɓa muku, ba kowa ke da gwal ɗin sayarwa ba in shekara irin 2020 ta dawo, kuma kamashon da jirage ke bayarwa ya kusa zama babu, da ɗan kuɗin hidima ake rayuwa. Kujerun Hajji ma, cikin 95,000 da Najeriya ta samu a 2023, 20,000 ne rabon jirgin yawo, kamfanoni rututu suna rububi. Akwai hanya ta uku: ta koyi lissafin a inda take, in an ƙi ɗaga ta, ta ɗauki iliminta ta kai wani kamfanin. Ta kuma riƙa zuwa tarukan NANTA, ƙungiyar kamfanonin tikiti da tafiye-tafiye ta Najeriya, a nan ake jin inda ake neman mutum. Mace ce ma, Susan Akporiaye, ta shugabanci ƙungiyar daga 2020 zuwa 2024.

Ƙanwata ta Kano, in kin tashi neman wani wurin, ga abin da ni nake tambaya idan zan ɗauki shugabar sashe. Ba na cewa a yanka mini tikiti, kowa ya iya. Ina miƙa wa mutum tikitin zuwa da dawowa da aka yi amfani da rabinsa, in ce fasinja ya fasa dawowa, lissafa mini nawa za a mayar masa, wane haraji ke dawowa, wane ba ya dawowa, sannan ki faɗa mini yadda za ki gaya masa in kuɗin bai kai abin da yake tsammani ba. Ki gwada da tikiti uku na ofishinku a wannan makon, ki turo mini ta akwatin sirri in duba miki.