Ruwan ɓawon abarba yana sauke kumburin gwiwa?

Manomi daga Gaya: Assalamu alaikum. Gwiwar Baffanmu ta kumbura tun bayan noman farko. An ce mu dafa ɓawon abarba da citta ya riƙa sha safe da yamma. Yau kwana goma, babu sauƙi. Ko ba mu iya haɗin ba ne?

Mai kemis a Ringim: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baffa lafiya. Tafasawar ce ta ɓata muku aiki. Abin da ke rage kumburi a abarba sinadari ne mai suna buromelin, kuma wuta kashe shi take yi, tun ma ruwa bai kai ga tafasa ba. Abin da Baffa ke sha shayi ne da babu sauran ƙarfin buromelin a cikinsa. Haka abarbar gwangwani da lemon kwali, duk sun sha zafi a masana'anta.

Sinadarin ya fi yawa a karan shukar, sai sandar tsakiya mai tauri, wadda masu yankawa a kasuwa ke jefarwa. A samu nunanniyar abarba, a wanke, a fere, a yanka sandar ƙanana, a daka a turmi mai tsabta ko a markaɗa da ruwa rabin kofi, a tace, ya sha nan take, kamar awa ɗaya kafin abinci. Idan an sha kan tuwo, narkar da abincin zai tafi yi. Kada a zuba a nono ko madara, ɗaci zai yi. Mai son gani da ido ya shafa dakakkiyar a kan yankan nama, ya shafa dafaffiyar a kan wani: na farkon ne kaɗai zai yi laushi.

Ma'aikaciyar jinya, Dutse: Bayanin ya yi, amma Malam, kada a ɗora wa abarba kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Binciken da aka yi, da ƙwayoyin da aka tace daga karan aka yi shi, galibi masu miligiram 500, kuma an fi ganin amfaninsu a kumburin bayan tiyatar hanci ko cire haƙori. A ciwon gwiwa sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Kofi guda bai kai ƙarfin ƙwaya ba, in kuma aka ce a yawaita, sai harshe ya yi zafi, ciki ya ɓare da gudawa, musamman in abarbar ba ta nuna ba.

Ɗan'uwa, taɓa gwiwar. Idan ta fi ɗayar zafi, ko akwai zazzaɓi, ko ba ya iya taka ƙafar, a kai shi babban asibiti yau ɗin nan, domin ruwa ko mugunya kan taru a gaɓa, sai an zuƙe da allura.

Mai kemis a Ringim: Gaskiya ne Hajiya. A kuma duba magungunan da yake sha. Buromelin na rage daskarewar jini, don haka ba a haɗa shi da magungunan tsinka jini irin su asfirin ko warfarin, kuma ana dainawa mako 2 kafin tiyata. Mai gyambon ciki ya bar shi. In Baffa na da ciwon suga, giram 100 na abarba na ɗauke da suga kusan giram 10, a tsaya a kan sandar kaɗai.