Neman shawara: gwajin jini kan atishawar ɗana

Maman Sadik, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 6. Kullum da asuba sai ya jera atishawa har goma, hanci na ɗigar ruwa, yana murzar ido har ya yi jawur. Da hunturu abin ya fi ƙamari, amma damina ma ba ta raga masa. Likita ya rubuta mana gwajin jini na IgE (sinadarin da jiki ke yi in bai jitu da wani abu ba), wai a gano abin da yake shaƙa wanda jikinsa ba ya so. Yana kan cetirizine, maganin atishawa da ƙaiƙayi, in tsayar kafin a ɗebi jinin?

Anti Rabi (nas), Asawase: Wa alaikumus salam. Kar ki tsayar, 'yar uwa, maganin ba ya taɓa sakamakon jini. Gwajin fata, wanda ake ɗiga ruwa a hannu a ɗan tsaga a jira minti 15, shi ne ake dakatar da magani kwanaki kafinsa. Ki dai duba takardar: IgE na jimla bai gaya miki komai sosai, don tsutsar ciki ma tana ɗaga shi, yaranmu kuwa kin sani. Wanda ke ware abu ɗaya-ɗaya ake so: ƙwarin ƙura, kyankyaso, fumfuna, kyanwa, garin furen ciyawa. Ko shi ɗin, yakan nuna abin da bai taɓa damun yaro ba, sai likita ya gwama da labarin da kika ba shi. Atishawar asuba ni katifa nake zargi. Ƙwarin ƙurar nan a katifa suke zama, ido ba ya ganinsu, kuma danshin Kumasi suke so.

Hajiya Memuna: Mu a zamaninmu mura ake cewa, a shafa man zafi a kwanta. Allah ya ba shi lafiya.

Baban Hafsa: Hajiya, murar da ba zazzaɓi, shekara guda? 'Yata an yi mata gwajin, kyankyaso ya fito. Amma turaren wuta da hayaƙin maganin sauro ba sa fitowa a takarda, alhali su ma suna tayar mata. Maman Sadik, in yana tarin dare ko ƙirji na fito, ki faɗa wa likita, ko a asibitin Komfo Anokye a duba shi don asma.

Maman Sadik: Na gode. Tarin dare kam yana yi, ban ma faɗa ba. Katifar kuma tun ta aurena ce, gobe za ta sha rana.