Haruna Rashid butulu ne, ko Ja'afaru ne ya wuce gona da iri?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Shekara tara ina riƙe wa wani Alhaji shago, makullin sito a hannuna, har yaransa ni nake kai wa makaranta. Ran Asabar ɗansa ya dawo daga karatu, aka ce in miƙa makulli. Ko sallamar kirki babu. Sai Ja'afaru Barmaki, na hannun daman Halifa Haruna Rashid na Bagadaza, ya faɗo mini a rai. Ubansa Yahaya shi ya yi tarbiyyar Haruna Rashid, har kurkuku ya sha a hannun Halifa Hadi, yayan Haruna, don ya ƙi yarda a hana Haruna gado. Haruna ya hau a 786, gidan nan suka riƙe masa daula shekara 17, a 803 ya tura dogarinsa Masrur cikin dare ya sare kan Ja'afaru. Ni dai na ce Haruna butulu ne, kuma duk bafaden da ya saki jiki da mai mulki haka zai ƙare.

Jikan Galadima: Bafade? Waziri guda kake ce wa bafade? Ƙanena gyara bakinka. Bafade shi ne mai zaman jiran sarki ya yi atishawa ya ce lafiya zaki, a jefa masa riga. Ja'afaru hatimin halifa ya riƙe, har a jikin kuɗin daula an buga sunansa.

Mai Shayi: To ranka ya daɗe, wanda ke hira da sarki har tsakar dare, akushi ɗaya, me ake ce masa a gidanku?

Jikan Galadima: Amini.

Mai Shayi: Aminin da aka rarraba gawarsa a kan gadojin Bagadaza. Allah ya raba mu da irin wannan aminci.

Malamin Zaure: Ku duka kun kauce. Ragamar wazirci a hannun Yahaya take, shi Haruna yake kira Baba. Ja'afaru kusancinsa na nadimi ne, wato abokin hira da shaƙatawa, sannan aka ɗora masa muƙamai. In aka ce bafade ba a yi ƙarya ƙwarai ba, sai dai kalmar ta yi masa kaɗan.

Jikan Galadima: Allah ya gafarta Malam, fadanci ba zagi ba ne tun asali. 'Yan siyasa ne suka ɓata shi.

Mai Shayi: Yanzu kuma ba zagi ba ne? Ɗazu fa kai ka ce a gyara baki.

Maman Biyu: Kuna ta bafade bafade, kun bar ainihin magana. Ai saboda Abbasa ne. Haruna ya ɗaura wa Ja'afaru aure da ita, 'yar'uwarsa, don su riƙa zama majalisa tare, da sharaɗin kada su kusanci juna, sai ga ɗa. Wane irin aure ne wannan don Allah? Shi ya haɗa wutar da kansa.

Malamin Zaure: Hajiya, masanin tarihi Ibn Khaldun ya yi watsi da wannan labari a littafinsa Muƙaddima. Shi a wurinsa dalilin shi ne Barmakawa sun kankane mulki da dukiya, har halifa ya nemi ɗan kuɗi kaɗan ya kasa samu.

Maman Biyu: Ɗabari, shi ma masanin tarihi, ya kawo shi, kuma ya riga Ibn Khaldun da ɗaruruwan shekaru. Shi Ibn Khaldun ɗin hujjarsa ba ta wuce wai 'yar gidan halifa ba za ta yi haka ba. Malam wannan kare dangi ne.

Malamin Zaure: Ɗabari yana kawo ruwayoyi ne barkatai, bai ce ya inganta su ba. A nan wurin ma ya kawo cewa Ja'afaru ya saki Yahaya bin Abdullahi, jikan gidan Sayyidina Ali, ba da sanin halifa ba.

Baban Yara: Ni abin da na sani majusawa ne, wuta suke bauta wa a ɓoye. Shi ya sa.

Malamin Zaure: A ina ka gani?

Baban Yara: A wa'azi na ji.

Malamin Zaure: Kakanninsu masu kula da ɗakin bautar Naubahar ne a Balkh, na mabiya Buddha ne ma, ba na wuta ba. Kakan Ja'afaru, Khalid, Musulmi ne da ya yi wa Abbasiyawa, gidan su Haruna, aiki tun farkon daularsu. Kafirta mutum ba wasa ba ne, Alhaji.

Baban Yara: Buddha ko wuta, duk kanwar ja ce.

Auta: Yaya ni fa na karanta a Dare Dubu da Ɗaya, su uku suke fita yawo da dare cikin shigar fatake, Haruna da Ja'afaru da Masrur. Ashe Masrur ɗin ne ya kashe shi? Wallahi na tsane shi.

Mai Shayi: Dogari laifinsa me? Aike aka yi shi. Haka aka shaƙe Ibrahim Pasha a fadar Sarki Sulaiman na Turkiyya a 1536, cikin azumi, bayan shekara 13 yana babban waziri.

Jikan Galadima: Kai daga fim ka san wannan, kada ka zo mana da burga.

Mai Shayi: Kai kuma daga ina ka san Bagadaza, kakanka ne ya yi Galadima a can?

Jikan Galadima: Kada ka sake ka taɓa mini iyaye. Tunda ni ke kula da zauren nan bari in rufe. Abin da aka cimma shi ne Ja'afaru waziri ne, kuma Malam da kansa ya ce kalmar bafade ta yi masa kaɗan. Maganar Abbasa an tabbatar ƙage ne. Haruna bai yi butulci ba, sarki biyu ba sa zama gari ɗaya, kuma Yahaya da Fadlu ɗan'uwan Ja'afaru ai bai kashe su ba, a tsare suka rasu a Raƙƙa. Mai Shayi na cire shi na kwana uku saboda rashin ladabi.

Maman Biyu: Wa ya tabbatar?

Ɗan Kurmi: Ni fa aiki nake nema. Duk wanda ya san mai buƙatar yaron shago ya yi mini magana ta gefe.