Yaya ya kamata a tsara saƙon kuskure da shawarar da ke biye da shi a manhaja?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni da abokan aikina muna rubuta wata manhaja da ake sarrafawa ta layin umarni, wato ta hanyar rubuta mata umarni maimakon danna maɓallai, wadda take karanta fayil ta zuba abin da ke cikinsa a rumbun bayanai. Damuwata ita ce kowannenmu yana rubuta saƙonnin kuskure yadda ya ga dama: wani yana farawa da babban baƙi ya rufe da aya, wani ba ya yin ko ɗaya, wani kuma yana cusa shawarar gyara a cikin jimlar da ta bayyana kuskuren. Shin akwai ƙa'idar da manyan ayyuka suke bi, kuma a ina ya dace a sanya shawarar?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Babu ƙa'ida ɗaya tilo, amma wadda na fi gamsuwa da ita ita ce ta PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, domin ta raba saƙo gida uku: babban saƙo, ƙarin bayani, da shawara. Babban saƙon gajere ne, yana faɗin abin da ya faru kawai, yana farawa da ƙaramin baƙi kuma ba a rufe shi da aya. Ƙarin bayani da shawara kuwa cikakkun jimloli ne masu babban baƙi da aya.

Hikimar rabon ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Abin da manhaja ta sani tabbas, misali cewa ba ta iya buɗe wani fayil ba, shi ne yake shiga babban saƙo. Abin da take zato ne kawai, misali cewa wataƙila ba a ba mai amfani izinin karanta fayil ɗin ba, shi yake zama shawara. Idan aka haɗa su a jimla guda, mai karatu zai ɗauki zato a matsayin tabbas, ya ɓata lokaci yana gyara izini alhali sunan fayil ɗin ne aka rubuta ba daidai ba. Har lokacin aikatau sun kula da shi: ana cewa “ba a iya ba” idan wani yunƙuri na gaba zai iya yin nasara, ana cewa “ba za a iya ba” idan abin ba mai yiwuwa ba ne ko yaushe.

Amsa ta biyu:
Ina so in ƙara dalilin ƙaramin baƙin, domin mutane da yawa suna ɗauka ado ne. Ƙa'idojin GNU, wani babban aikin samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su, sun tsara cewa a fara da sunan manhaja, sai sunan fayil, sai lambar layi, sannan saƙon, ana raba su da ruwa biyu. Tun da saƙon ba shi ne farkon layin ba, babban baƙi bai dace da shi ba. Masu yaren Go, wani yaren rubuta manhaja, ma haka suke yi, saboda a can kuskure yakan bi ta matakai da dama, kowane mataki yana ƙara nasa bayanin a gaba, kuma aya a tsakiyar irin wannan jerin tana yanke shi a inda bai ƙare ba. Git, manhajar bin sawun sauye-sauyen da ake yi wa fayiloli, yana fara layin shawara da kalmar “hint:”, kuma yana ba ƙwararre damar kashe shawarwarin ba tare da ya rasa ainihin kuskuren ba. Kada kuma ku manta ku tura saƙon ta mafitar kurakurai mai lamba 2, wato hanyar da aka ware wa kurakurai dabam da ta sakamakon aiki, kuma manhajar ta fita da lambar da ba sifili ba, domin sifili alama ce ta nasara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, malamai. To shin wajibi ne kowane irin kuskure ya sami lambar da za a gane shi da ita?

Amsa ta uku:
A ganina yana da amfani sosai idan kuna da niyyar fassara manhajar ko kuna sa ran wata manhaja za ta riƙa karanta sakamakonku. PostgreSQL tana ba da 23505 idan aka maimaita bayanin da bai kamata ya maimaitu ba, yaren rubuta manhaja na Rust kuma yana ba da lambobi irin E0382 waɗanda ake iya neman cikakken bayaninsu da umarni guda. Lafazi yana sauyawa daga harshe zuwa harshe, lamba kuwa tana nan daram.

Sai dai ina da saɓani kaɗan da 'yan'uwana na sama. Ƙaramin baƙi da rashin aya sun dace da layin umarni ne. Idan wata rana kuka yi wa manhajar fuska mai maɓallai domin wanda ba ƙwararre ba, cikakkiyar jimla ce ta fi, wadda ba ta ɗora masa laifi. Sannan kada ku ƙulla jimla daga gutsattsarin kalmomi a cikin kod, wato rubutun manhajar, domin mai fassara ba zai iya sauya jerin kalmomin yadda harshensa yake buƙata ba. A wajen shiga asusu kuma, a ce suna ko kalmar sirri ba daidai ba ne, kada a fayyace wanne daga ciki, don kada a tabbatar wa mai kutse cewa asusun yana nan.