Tafiya Morishus da wasan golf: a ba ni shawara

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Bauchi, taki da maganin feshi nake sayarwa. Bara likita ya ce sugana ya hau, in rage masa da tuwon dare, in riƙa tattaki. Na gwada zagayen asuba ta hanyar Jos, gwiwa ta ƙi. Sai wani Alhaji da nake sarin kaya a hannunsa ya ja ni filin golf. Mutumin kirki ne wallahi, shi ya tsaya mana lokacin da gobara ta cinye shagon ƙanena, ko takarda bai ce a rubuta ba. Sandunan da nake bugawa ma tsofaffinsa ne ya ba ni. Tun daga nan duk Asabar ina fita, sugan kuma ya sauka, alhamdu lillahi.

To yanzu Alhajin zai je tsibirin Morishus a watan Fabrairu da abokansa biyu na Abuja, suna neman cikon na huɗu, ya ce ni. Na amsa. Ita kuma uwargida na daɗe ina mata alkawarin fita waje hutu, sai na ce a tafi tare, ta samu nata na samu nawa. Ta san za mu bakin teku, har ɗinki ta bayar. Maganar wasan ba ta taso ba tukuna.

Damuwata: ba ni da handikaf, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewar ɗan wasan golf, an ce wasu filayen sai da shi. In ɗauki sandunana ko in yi haya a can? Kuma yaya zan yi kada in ba Alhaji kunya a gaban baƙinsa?

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Kwana nawa za ku yi? An riga an biya kuɗin jirgi da otal ne? Wa ya biya? Ba ka faɗa ba.

Injiniya: Baban Sadiq, saurare ni da kyau, na buga a can. Wanda ya zaɓi Fabrairu bai duba yanayi ba. Ƙasar tana kudu da mu can cikin tekun Indiya, lokacin da muke hunturu su zafi suke da damina, kuma daga Janairu zuwa Maris ne guguwar teku ta fi yawa. In ta taso rufe fili ake yi, kuna zaune a otal kuna kallon ruwa. Daga Mayu zuwa Oktoba ne ake samun sanyi da ƙarancin ruwa, sai dai iska tana kaɗawa sosai a gabashin tsibirin. Ka gaya wa Alhajinka ya ɗaga tafiyar.

Handikaf kuma ba abin tsoro ba ne. Tun 2020 tsari ɗaya ake bi a duniya, kuma lambar ta kai har 54 ga wanda bai ƙware ba, sabon shiga ma yana da gurbi. Ka je wurin sakataren kulob ɗinku, ka fara miƙa katin makinka. Ramuka 54 ake so a gani, wato zagaye uku na rami 18. Kana da lokaci.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne bakin rami. Mu nan da yawanmu a kan yashi da aka shafe da baƙin mai muka koya, ƙwallo na tafiya a hankali, sai ka ɗan sa ƙarfi. Can ciyawa ce an aske ta kamar darduma, ka taɓa kaɗan ta wuce ramin ta bar ka tsaye. Kafin ka tafi ka yi ƙoƙari ka buga a filin IBB na Abuja mai ciyawa ko sau ɗaya ne, hannunka ya saba.

Baban Sadiq: Na gode Injiniya. Amma ni ba zan iya ce wa Alhaji ya canja wata ba. Shi ya gayyace ni, da wane baki? Kuma yana zuwa can tun ba yau ba, ya fi ni sanin yanayinsu.

Maman Ihsan: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Malam, baiwar Allah ta bayar da ɗinki tana murna, kai kuma lissafin sanduna kake. Awa nawa ake yi a wasan nan?

Injiniya: Rami 18 awa huɗu ne zuwa huɗu da rabi in mutum huɗu ne. In kuma filin Ile aux Cerfs za su, wanda Bajamushen ɗan wasan golf Bernhard Langer ya zana, a wani ƙaramin tsibiri yake daban, sai an shiga jirgin ruwa. Da zuwa da dawowa da cin abinci, yini ya tafi.

Maman Ihsan: To kun ji. Yini guda a ɗakin otal, a ƙasar da ba ta san kowa ba. Haka namu ya yi mini a Dubai, ya ce hutu za mu, ashe sarin kaya ya je. Daga shago sai shago, ni ce mai gadin ledoji. Har yau in ya ce "lokacin da na kai ki Dubai" sai in ji raina ya ɓaci. Ka gaya mata yau, ba gobe ba.

Baban Sadiq: Hajiya, ba ɓoye mata na yi ba, lokacin faɗa ne bai yi ba. Kuma matata mai haƙuri ce, ba irin masu ƙorafi ba ce. Sannan da sassafe za mu riƙa fita.

Maman Ihsan: Mai haƙurin ai ita ake bari a ɗaki.

Abu Hanif: Shawarata ka bar su Alhaji su yi tafiyarsu, kai ka kai iyalinka Zanzibar. Garin Musulmi ne, abinci ba sai ka yi ta tambaya ba, kiran salla kana ji daga ɗaki. Akwai filin golf mai rami 9 a otal ɗin Sea Cliff, awa biyu ka gama ka dawo wurin matarka. Fabrairu kuma can rani ne, sai Maris babbar damina ke sauka. Ka dai sani tun Oktoban 2024 sun wajabta wa baƙi inshorar dala 44.

Injiniya: Abu Hanif, rami 9 kake haɗawa da Morishus? Ƙasar da ke da filin Anahita, wanda ɗan wasan golf Ernie Els ya zana, ga filaye biyu a Belle Mare, ga na Bel Ombre a kudu? Maganar abinci kuma, akwai Musulmi da yawa a can, kusan mutum ɗaya cikin shida. Babban masallacin Juma'a na Port Louis ya haura shekara 150. Biriyanin da na ci a bayansa ban ci irinsa ba ko a Jidda. A otal ne kawai za ka tambayi naman, ko ka tsaya a kifi.

Sanduna kuwa ka ɗauki naka. Ba a zuwa gaban manyan mutane da sandar da hannu bai sani ba. Kada su wuce 14 a jaka, doka ce. Ka sayi ƙwallaye masu arha da yawa tun daga gida, don ruwa da duwatsu za su cinye maka su, a shagon fili kuma tsada. Riga mai kwala da takalmin wasa dole ne, ba a shiga da kaftani.

Kawu Yelwa: Kada ka ɗauki komai, yaro. Ni jakata ta taɓa maƙalewa a wurin canjin jirgi, sai ana gobe zan dawo ta iso, an fasa mini kwalbar zuma a cikin shaddodi. Na yi ta zarya ofishinsu, ko sisi. Kai da za ka tashi daga Bauchi zuwa Abuja ko Legas, ka sauka Nairobi ko Dubai, ka sake hawa wani? Yi haya a can hankalinka kwance.

Ɗan Wunti: Ni mamaki ma nake. Yankari na nan kusa da mu, ga ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana, mutane daga Turai suke zuwa, mu kuma sai mun nemi dala a wannan tsadar. Kuma har yanzu ba a amsa mini ba, wa zai biya?

Baban Sadiq: Yankari mun je da yara tun tuni. Maganar kuɗi, Alhaji ya ce "kada ka damu". Ban tambaye shi ko har da na uwargida ba, don bai san da ita za a tafi ba.

Maman Ihsan: Inna lillahi! Ita ba ta san da golf ba, shi bai san da ita ba.

Injiniya: Wannan tsakaninku ne. Ni dai ka fara miƙa katin maki ranar Asabar ɗin nan. In ka ga ka zuba bugu da yawa a rami ɗaya, ɗauke ƙwallonka a ci gaba. Manya ba sa jin haushin wanda bai iya ba, mai ɓata musu lokaci suke ƙi.

Baban Sadiq: Na gode. Don Allah jakar da ake saka sanduna a jirgi, ana samunta a Jos ko sai Abuja?

Kawu Yelwa: Na ce maka kada ka ɗauka.