Manhajata ta ƙi tashi tun da na koma Ubuntu 22.04

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka mini, yau kwana uku ina fama. Wata manhaja ce ta yaren C da na haɗa a Ubuntu 20.04 (wani tsarin Linux), tana aiki lafiya lau. Da na koma 22.04 sai ta ce ba ta ga libssl.so.1.1 ba, wato fayil ɗin tsohon OpenSSL, laburaren ɓoye bayanan sadarwa. Ashe OpenSSL 3 ne a sabon tsarin.

Na yi wa sabon fayil ɗin, libssl.so.3, mahaɗi da tsohon sunan, sai ta koma neman OPENSSL_1_1_0, alamar tsohuwar sigar. Na goge mahaɗin, hankalina bai kwanta ba. Sake haɗa ta ma bai yi ba, wani laburaren da take dogaro da shi tsohon yake nema.

In ajiye tsohon libssl a waje daban in nuna mata da rpath, wato adireshin da ake saka wa manhaja don ta san inda za ta nemi laburare? Damuwata, an daina kula da tsohon, wato OpenSSL 1.1.1, tun Satumban 2023.